Saita Wayoyin Tebur na Intanet a kan Dandalin Tarho na Haya

Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda ake saita wayar tebur mai aiki da intanet har ta iya kira da amsa kira ta hanyar dandalin tarho na haya. Masu tallata irin wannan dandali kan nuna cewa aikin bai wuce a jona kebul a jira fitila ta kama ba, kuma hakan yakan faru, amma sai in an riga an shirya abubuwa da dama waɗanda mai amfani da wayar ba ya gani. Matsayin da laccar ta ɗauka shi ne cewa kamfanin da aka yi hayar dandalinsa na'urar haɗa kira kaɗai ya ɗauke wa ofis, bai ɗauke masa nauyin abin da ke tsakanin tebur da ƙofar fita zuwa intanet ba, kuma daga wannan ɗan tsakanin ne akasarin kiran da ke katsewa da muryar da ke sarƙewa suke tasowa.

Tun daga 1878, lokacin da aka buɗe cibiyar haɗa kira ta kasuwanci ta farko a garin New Haven na Amurka, tarho ya dogara ne da wata na'ura ta tsakiya da ke sada mai kira da wanda ake kira. Daga baya manyan ma'aikatu suka riƙa ajiye tasu ƙaramar cibiyar a cikin gini, wadda ake kira PBX, domin ma'aikata su kira juna da gajeriyar lambar ciki, kuma su yi tarayya a 'yan layukan da ke fita waje. A 1999 Mark Spencer ya fitar da manhajar Asterisk, wadda ta nuna cewa kwamfuta ta yau da kullum za ta iya yin wannan aiki, kuma da zarar cibiyar ta zama manhaja, babu abin da ya wajabta zamanta a cikin ofis. Dandalin tarho na haya shi ne wannan cibiya idan ta koma cikin ɗakin kwamfutocin wani kamfani, kamar RingCentral ko 8x8, ko masu gina hidimarsu a kan manhajar BroadSoft da Cisco ya saya a 2018, ofis kuwa yana biyan kuɗin wata-wata gwargwadon yawan wayoyinsa. Wannan batu yana da nauyi na musamman a Najeriya, domin kafin gwanjon lasisin GSM na Janairun 2001 layukan girke na kamfanin NITEL masu aiki ba su kai rabin miliyan ba, sai jama'a suka tsallake zuwa wayar hannu ba tare da wayar girke ta zauna da gindinta ba. Saboda haka ofisoshi da yawa a wayar intanet suke fara sanin lambar ciki da miƙa kira da jerin masu jiran amsa, kuma ba su gaji ma'aikatan da suka ƙware a harkar tarho ba.

Abin da ke faruwa idan waya ta yi rajista

Wayar tebur ta intanet ƙaramar kwamfuta ce mai siffar tarho, kuma tana magana da dandali ta wata ƙa'ida da ake kira SIP, wato tsarin saƙonnin da ake buɗe kira da rufe shi da su, wadda ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fara wallafawa a 1999, sa'an nan ta sake fasalinta a 2002 cikin takarda mai lamba RFC 3261. Wajibi ne mai saita waya ya riƙe cewa SIP ba ta ɗaukar murya. Aikinta shi ne neman wanda ake kira, da sa wayarsa ta yi ƙara, da cimma matsaya kan yadda za a aika sauti, ita kuwa muryar wata ƙa'ida ce daban mai suna RTP ke ɗaukar ta cikin ƙananan ƙunshe-ƙunshen bayanai, ta wasu ƙofofi daban, wani lokaci ma zuwa wata kwamfuta daban. Ƙofa a nan lamba ce da ke bambanta hidima da hidima a kan adireshi guda, kuma SIP ta saba amfani da 5060, ko 5061 idan an lulluɓe saƙonnin da tsarin ɓoye sirri na TLS. Wannan rabuwa tsakanin hanyar saƙo da hanyar murya ita ce dalilin da ya sa waya za ta yi ƙara lafiya lau, a ɗauka, a ji shiru.

Kafin waya ta karɓi kira sai ta yi rajista, wato ta sanar da saba, babbar kwamfutar dandalin, cewa lambar ciki kaza tana wannan adireshi a yanzu. Tana aika saƙon neman rajista, sabar ta mayar da amsa mai lamba 401 tare da wasu haruffa na ƙalubale, wayar ta cuɗa su da kalmar sirri ta hanyar lissafi ta mayar da sakamakon, sa'an nan in ya dace a amsa mata da 200. Ke nan ganin 401 sau ɗaya a cikin bayanan aikin waya ba laifi ba ne, maimaituwarta ba ƙaƙƙautawa ko zuwan 403 shi ke nuna cewa suna ko kalmar sirri ba daidai ba ne, rashin kowace amsa kuwa yana nuna cewa saƙon bai isa ba ko amsar ta ɓata a hanya, kuma wanda ya iya bambanta waɗannan ukun ya san inda zai fara bincike. Bayanan da wayar ke buƙata kaɗan ne: adireshin saba, da sunan asusu, da sunan tantancewa, da kalmar sirri, wani lokaci da adireshin wata saba ta tsakani da dukan saƙonni za su bi ta kanta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta lambar ciki a gurbin sunan tantancewa, alhali dandamali da yawa suna ba da dogon suna na daban domin wannan gurbi, da gangan, don kada mai hasashe ya gano shi cikin sauƙi.

Saitin hannu da saitin tsakiya

Ana iya shigar da waɗannan bayanai da hannu, ta buɗe shafin sarrafa wayar a kwamfuta, kuma ga waya ɗaya ko biyu babu laifi, har ma hanya ce mai kyau ta koyo. Amma ofishin da ke da waya 30 ya saita su ɗaya bayan ɗaya ya ci bashin da zai daɗe yana biya, domin ranar da dandali ya sauya adireshi, ko aka ga wajibcin canza kalmomin sirri, sai an sake zagaya tebura 30, kuma a lokacin babu wanda zai iya rantsuwa cewa saitin kowace waya daidai yake da na 'yar'uwarta. Hanyar da ta dace ita ce saitin tsakiya, inda dandali ke rubuta wa kowace waya fayil ɗinta, wayar kuma ta je ta ɗauko shi da kanta duk lokacin da ta tashi.

Abin da ke bambanta waya da waya a wannan tsari shi ne adireshin MAC, lamba mai gurbi 12 da masana'anta ke dasa wa kowace na'ura, wadda ake samu a manne a bayan wayar da jikin kwalinta. Mai kula da tarho yana shigar da wannan lamba a shafin dandali, ya danganta ta da lambar cikin ma'aikaci, dandalin kuma ya samar da fayil mai ɗauke da sunan lambar, wanda ya ƙunshi asusu da maɓallan kira da harshe da yankin lokaci da adireshin da za a sabunta manhajar wayar. Saura tambaya ɗaya, wato yadda sabuwar wayar da ba ta san kowa ba za ta gano inda fayil ɗinta yake. Hanya ta farko ita ce ta hidimar DHCP, wadda ke raba wa na'urorin ofis adireshin IP, domin ana iya sa ta haɗa da adireshin sabar saiti a wani gurbi mai lamba 66, ko 150 ga wasu wayoyin Cisco, ko 160 ga wayoyin Poly. Hanya ta biyu, wadda ta fi dacewa da dandalin haya, ita ce hidimar karkatarwa ta masana'anta, inda sabuwar waya ke fara tuntuɓar sabar kamfanin da ya ƙera ta, ita kuma ta duba ko wani dandali ya yi rajistar wannan lamba, in ya yi sai ta tura wayar can. Yealink na birnin Shiyamen a ƙasar Sin yana kiran tasa hidimar RPS, Poly yana kiran tasa ZTP, Grandstream da Snom ma suna da nasu. Da wannan ne ake iya aika waya a kwali daga mai sayarwa zuwa reshen ofis a wani gari, a jona ta, ta ɗauko saitinta ba tare da ma'aikacin fasaha ya taka ƙafa can ba.

Akwai abubuwa uku da ke ɓata wannan tsari, kuma dukansu ana iya kauce musu tun kafin a sayi waya. Idan ofis ya taɓa amfani da wata cibiya a da, mai yiwuwa tsohon adireshi yana nan a gurbi na 66, kuma tun da wayoyi da yawa suna fifita abin da DHCP ta faɗa musu a kan hidimar masana'anta, sai su yi ta neman sabar da aka kashe tuntuni. Sa'an nan akwai batun manhajar cikin waya, domin wayoyin Cisco na jerin 7800 da 8800, alal misali, suna zuwa da manhaja iri biyu, ɗaya ta cibiyar Cisco kaɗai, ɗaya mai aiki da dandamalin wasu kamfanoni, kuma sauyawa daga wannan zuwa waccan yana buƙatar lasisi, ga shi kuma ba kowane samfuri ke karɓar sauyin ba. Na ukun ya fi shafar kasuwannin da ake shigo da kayan ofis na hannu daga Turai da Amurka, domin wayar da wani kamfani ya yi rajistar lambarta a hidimar karkatarwa za ta riƙa komawa gare shi ko da an goge ta an mayar da ita saitin masana'anta, kuma ba ta sakuwa sai tsohon mai ita ya cire ta ko masana'anta ta yarda da hujjar mallaka. Arhar irin wannan waya ba ta da amfani in ba a gwada ta a kan intanet kafin biya ba. A kuma lura cewa inda saitin tsakiya ke aiki, abin da aka gyara da hannu a jikin waya yakan goge a tashi na gaba, saboda haka a shafin dandali ya kamata a yi kowane gyara mai ɗorewa.

Tsakanin tebur da intanet

A nan ne aikin ya fi wuya, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ƙa'idar SIP an tsara ta ne bisa zaton cewa kowace na'ura tana da adireshin da duniya za ta iya isa gare shi, amma na'urorin ofis suna zaune ne a kan adireshi na cikin gida, irin masu farawa da 192.168 ko 10, kuma rauta, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, ita ke musanya adireshin ciki da na waje a kan kowane ƙunshi mai fita, aikin da ake kira NAT. Matsalar ita ce rauta tana gyara adireshin da ke bayan ƙunshin ne kawai, alhali wayar ta sake rubuta adireshinta na cikin gida a cikin saƙon kansa. Lamarin ya yi kama da mazaunin babban gidan haya da ya aika wasiƙa, aka rubuta sunan unguwa da lambar gida daidai a bayan ambulan, amma a cikin takardar ya ce a aiko masa da amsa ɗaki na uku, ba tare da ambaton gida ko gari ba. Idan sabar dandali ta bi abin da ke cikin saƙo, za ta aika murya zuwa adireshin da babu shi a intanet, sai ɓangare ɗaya ya ji ɗaya bai ji ba.

Dandamali na zamani sun san wannan, kuma suna ajiye na'urar iyaka da ke yin watsi da adireshin da ke cikin saƙo ta mayar da amsa inda ƙunshin ya fito a zahiri. Sai dai rautoci da yawa suna zuwa da wani mataimaki da ake kira SIP ALG a kunne, wanda ke ƙoƙarin gyara saƙonnin da kansa, kuma idan gyaransa ya haɗu da na dandali sai a sami saƙon da ba ya nuna ko'ina daidai. Kusan duk masu dandamali suna umartar a kashe shi, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata a duba a kan rauta. Inda rautar ta kamfanin intanet ce kuma ba ta ba da damar kashe shi, mafita ita ce a sa wayoyi su yi amfani da TLS, domin rautar ba za ta iya karanta saƙon da aka ɓoye ba, balle ta ɓata shi.

Alamomin wannan ciwo suna da lokaci, kuma lokacin yana faɗin sunan ciwon. Kiran da ke katsewa kullum bayan kimanin daƙiƙa 32 yana nuna cewa saƙon tabbatar da amsa bai isa ba, domin ƙa'idar ta tanadi cewa wanda ya amsa kira zai jira wannan saƙo na tsawon rabin daƙiƙa sau 64, in bai zo ba ya rufe. Wayar da ke kira lafiya amma ba a samun ta sai jefi-jefi tana fama ne da mantuwar rauta, domin rauta takan rufe hanyar da ta buɗe wa na'ura idan aka ɗan jima ba a bi ta ba, a wasu rautocin cikin ƙasa da minti ɗaya, alhali tsawon rajista na asali a ƙa'idar SIP daƙiƙa 3600 ne. Maganin shi ne a gajarta lokacin rajista ko a sa wayar ta riƙa aika ɗan ƙunshi na nuna tana raye kowane daƙiƙa 20 zuwa 30. Ofisoshin da ke samun intanet ta layin wayar hannu suna da ƙarin mataki, domin kamfanonin sadarwa kan haɗa masu hulɗa da yawa a bayan adireshin waje guda, sai musanyar ta zama hawa biyu, ɗaya a ofis ɗaya a kamfani, kuma mai ofis ba shi da iko a kan na biyun. A irin wannan hali buɗe ƙofofi a rauta ba ya amfanar da komai, abin da ke aiki shi ne haɗin TLS da wayar ke buɗewa daga ciki ta riƙe shi, ko wata ƙaramar na'urar iyaka a cikin ofis da ke tattara dukan kira ta bi da su hanya ɗaya, kamar yadda dandalin 3CX ke tanada.

Ingancin murya

Kodek shi ne tsarin da ke mayar da sauti lambobi ya kuma mayar da lambobin sauti. Mafi daɗewa shi ne G.711 na 1972, wanda ke auna sauti sau 8,000 a daƙiƙa ya samar da kilobit 64, kuma yana da reshe biyu, ɗaya na Arewacin Amurka da Japan, ɗaya mai suna A-law na sauran duniya, har da Afirka. Idan kowane ƙunshi ya ɗauki sautin milisakan 20, wato ƙunshi 50 a daƙiƙa, to nauyin murya bayit 160 ne, a ƙara bayit 40 na bayanan adireshi da tsari, sai kira ɗaya ya ci kilobit 80 ta kowace fuska, ko kimanin 87 a kan kebul ɗin ofis. G.729 yana matse murya zuwa kilobit 8, amma da yake bayanan adireshi ba sa raguwa, abin da ake ci a zahiri ya kusa 31. Akwai G.722 mai ɗaukar sauti har zuwa haz 7,000, alhali tsohon tarho a 3,400 yake tsayawa, kuma bambancin yana fitowa a sautuka irin su s da sh da ts, waɗanda ƙarfinsu ke sama da inda tsohon tarho ke yankewa, abin da ke da amfani ga mai karanta sunan magani ko sunan mutum ta waya. Opus na 2012 yana daidaita kansa da yanayin hanya, kuma ya cancanci a fifita shi inda waya da dandali duk suka san shi.

Wannan lissafi yana nuna cewa kira goma a lokaci ɗaya ba su cika megabit ɗaya ba, saboda haka ƙarancin faɗin hanya ba kasafai yake zama ainihin matsalar ba. Abin da murya ba ta jurewa shi ne jinkiri da rashin daidaiton isowar ƙunshi da ɓacewarsa. Shawarar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya ITU ta nuna cewa jinkirin da bai wuce milisakan 150 ta fuska ɗaya ba shi ne wanda masu magana ba sa damuwa da shi, kuma tauraron ɗan'adam mai tsayuwa a nisan kilomita 35,786 yana cin kusan 240 a hawa da sauka kawai, shi ya sa masu hira ta irin wannan hanya suke yawan katse juna. A cikin ofis kuwa, ma'aikaci ɗaya da ke ɗora babban fayil ya isa ya cika hanyar fita, ƙunshin murya ya tsaya a layi a bayansa. Maganin shi ne a ware wa wayoyi tasu hanyar ta VLAN, wato rabon hanyar sadarwa ɗaya zuwa sassa da ba sa cuɗanya, a kuma sa rauta ta fifita ƙunshin da ke ɗauke da alamar gaggawa mai lamba 46. Ikon wannan alama a ƙofar ofis yake ƙarewa, intanet ba ta yi alkawarin girmama ta ba, amma da yake cunkoson a ƙofar ofis ya fi faruwa, amfaninta babba ne.

Wurin da sabar dandali take shi ma tambaya ce da ya kamata a yi kafin sa hannu a yarjejeniya. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama har da Najeriya da Gana. Ofishin da sabarsa ke Turai yana iya wayar gari a irin wannan rana ma'aikata biyu da ke gini ɗaya sun kasa kiran juna, domin saƙon haɗa su sai ya ƙetare teku ya dawo. Saboda haka saiti bai cika ba sai an shigar da saba ta biyu inda dandali ya tanade ta, an kuma umarci dandalin ya karkatar da kira zuwa wayar hannu duk lokacin da wayar tebur ta ɓace daga rajista.

Wuta da agogo da lambobi

Tsohuwar wayar girke daga cibiya take samun wutarta, kimanin bolt 48 ta kan wayar tagulla, shi ya sa take aiki ko an ɗauke wuta a gida. Wayar intanet ba ta da wannan gata. Tsarin PoE, wanda ma'auninsa na 2003 ke ba da har wat 15.4 ta kebul ɗin sadarwa, na 2009 kuma wat 30, yana ba da damar ciyar da dukan wayoyi daga swici guda, wato na'urar da kebul ɗin wayoyin ke haɗuwa a cikinta, matuƙar tsawon kebul bai wuce mita 100 ba, kuma fa'idarsa a inda wuta ba ta da tabbas ita ce a ɗora swicin da rauta da na'urar kamfanin intanet a kan inbata ko batir ɗaya, maimakon a nema wa kowane tebur nasa. Ɗaukewar wuta tana da wata illa da ba a cika lura da ita ba, domin wayoyi da yawa ba su da batirin riƙe agogo, sai sun tambayi sabar lokaci ta intanet bayan kowane tashi, kuma wayar da agogonta ke nuna wata shekara da ta wuce za ta ƙi amincewa da takardar shaidar sabar dandali, ta ƙi yin rajista ta TLS, alhali suna da kalmar sirri duk daidai suke. Dole a tabbatar katangar tsaron ofis ta bar hanyar sabar lokaci a buɗe, a kuma saita yankin lokaci, wanda a Najeriya da Nijar awa ɗaya ne gaba da GMT ba tare da sauyin bazara ba.

Tsarin buga lamba shi ne dokokin da ke gaya wa waya lokacin da lamba ta cika da yadda za a gyara ta kafin aikawa. Wayoyi da yawa suna zuwa da tsarin Amurka, saboda haka sai an koya musu cewa lambar hannu a Najeriya gurbi 11 ce mai farawa da sifili, wanda ake jefarwa idan an sa 234 a gaba, ta Nijar kuwa gurbi 8 ce bayan 227. Maɓallan da ake dannawa a tsakiyar kira, kamar wajen zaɓen harshe a layin banki, ya kamata a aika su ta tsarin RFC 4733, domin kodek mai matse murya yana lalata sautinsu. Lambar gaggawa ta fi dukan waɗannan muhimmanci, kuma ba a ɗauka cewa 112 za ta shiga sai an tambayi mai dandali an tabbatar, domin dandalin da ke wata ƙasa bai san inda wayar take ba, wataƙila ma ba shi da hanyar isa cibiyar gaggawa ta ƙasar da ofis yake. Amurka ta kai ga kafa doka a kan kiran gaggawa, wadda ake kira dokar Kari, da ta fara aiki a Fabrairun 2020, ta wajabta cewa wayoyin ofis da na otal su iya kiran 911 kai tsaye ba tare da an fara danna lambar fita waje ba. Lambobin ƙasa kuma hukuma ce ke raba su ga kamfanoni masu lasisi, NCC a Najeriya da ARCEP a Nijar, don haka ofishin da ke son jama'a su kira shi da lambar gida sai ya tabbatar dandalinsa yana da lasisi ko yana haɗe da mai lasisi.

Tsaro da mallaka

Asusun SIP kuɗi ne, domin duk wanda ya sami suna da kalmar sirri zai iya kira daga ko'ina a duniya a caji ofis, kuma ɓarayin wannan fanni sukan jira dare ko ƙarshen mako su yi ta kiran lambobin ƙetare masu tsada waɗanda suke da kaso a kuɗinsu. Ƙofar da suka fi shiga ita ce kalmar sirrin masana'anta da ba a canza ba, kamar admin a wayoyin Yealink ko 456 a na Poly, tare da shafin sarrafa waya da aka bari a buɗe ga intanet. Fayil ɗin saiti ma abin farauta ne, tun da yana ɗauke da kalmar sirri kuma sunansa lambar MAC ce da ake iya hasashe, shi ya sa bai halatta a raba shi ta TFTP ko wata hanya mara sirri a kan intanet ba, sai ta HTTPS, kuma gwamma dandalin da ke neman wayar ta gabatar da takardar shaidar da masana'anta ta dasa mata kafin ya miƙa fayil. Wayar da ke ƙara da tsakar dare daga lamba irin 100 ko 1000, a ɗauka ba kowa, alama ce cewa manhajojin leƙen asiri sun iso ta, kuma ana rufe wannan ta umartar wayar kada ta karɓi kira sai daga sabar da ta yi rajista da ita. A ɓangaren dandali kuma, a rufe kiran ƙasashen waje ga duk lambar da ba ta buƙatarsa, a sa iyakar kuɗin da za a iya kashewa a rana, a kunna SRTP domin ɓoye muryar kanta.

Batun mallaka shi ne wanda ofisoshi ba sa tunawa da shi sai ranar rabuwa da dandali. Wayar da ofis ya saya da kuɗinsa tana iya zama a ɗaure a hidimar karkatarwa ƙarƙashin sunan dandalin, kalmar sirrin sarrafa ta kuma tana hannun dandalin, wasu ma suna sa mata manhaja tasu ta musamman. Ya kamata yarjejeniyar haya ta faɗa a rubuce cewa idan ta ƙare kamfanin zai cire lambobin MAC na ofis daga hidimar karkatarwa cikin kwanaki sanannu, ya miƙa kalmomin sirrin sarrafawa, ya kuma bayyana ko lambobin da jama'a suka san ofis da su za su iya bin sa zuwa wani kamfani. Shi ma mai kula da tarho ya ajiye rajistarsa ta kansa, mai nuna lambar MAC ta kowace waya da samfurinta da sigar manhajarta da teburin da take da takardar sayenta, domin wannan takarda ce masana'anta za ta nema idan tsohon dandali ya rufe ko ya ƙi sakin wayoyin.